Tsohuwar Kwamfuta da Rabon Ruwa a Kadawa

Duk wanda ya san noman rani a Kura da Bunkure ya san cewa rigimar ruwa a wutsiyar kanal take. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana sakin ruwa. Manomin da ke kusa da ƙofa ya shayar da shinkafarsa ya ƙoshi, na can ƙarshe kuwa sai ya jira ragowa. Idan aka zauna sulhu, sau da yawa rantsuwa ce hujjar kowa. Ni kuwa ina ganin rubutaccen adadi ya fi rantsuwa kashe gardama, kuma wani ɓangare na kayan aikin yana jibge a sito-sito na ofisoshi da makarantu, ƙura ta lulluɓe shi.

Na'urorin auna tsayin ruwa da na ruwan sama da dama har yau suna magana ne ta wata tsohuwar kafa mai suna RS-232, wadda aka tsara ƙa'idarta a Amurka tun farkon shekarun 1960. Bayani yana bin waya ɗaya a jere, bit bayan bit, kamar awaki a ƙofar garke. Waya uku sun wadatar: ta aikawa, ta karɓa, da ta ƙasa. Kwamfutar da aka jona ba ta buƙatar wani hazaƙa, aikinta ta nuna abin da ya iso, ta aika abin da aka buga. Wannan shi ake kira taminal.

Inda lamarin ya fi ba ni sha'awa shi ne sauri. Kowane harafi yakan ci bit 10, saboda haka gudun 9,600 a daƙiƙa yana kawo haruffa 960, wato allo mai layi 24 da gurbi 80 zai cika cikin daƙiƙa biyu. Kwamfutar Apple II ta 1977, idan aka sa mata katin Super Serial, a hukumance 19,200 ne iyakarta, amma masu ƙwaƙulo sun gano yadda za a kai ta 115,200. A nan matsala ta ɓullo. Sabon harafi yana isowa kowane kashi 87 cikin miliyan na daƙiƙa, kwamfutar kuwa tana ɓata lokacin da ya ninka haka wajen tura layukan allo sama. Kafin ta waiwayo, haruffa sun zube.

Injiniyoyin da suka tsara Kadawa sun san irin wannan ciwo. Ruwa yana tafiya a babbar kanal dare da rana, manomi kuwa da rana yake ban-ruwa, shi ya sa aka haƙa tafkunan ajiyar dare. Dabarar ke nan a kwamfuta: a ware ɗan rumbu a ƙwaƙwalwarta inda haruffa za su taru kafin a nuna su, idan ya kusa cika a rufe ƙofa ta wayoyin RTS da CTS, mai aikawa ya dakata. Kwamfutar IBM ta 1981 harafi ɗaya tak guntunta na 8250 ke iya riƙewa. Magajinsa 16550A yana riƙe 16, kuma irinsa ne ke cikin yawancin manyan kwamfutocin tebur na shekarun 1990 da muke zubarwa.

Apple II abin tarihi ce a wajenmu. Waɗannan na teburin su nake nufi, masu kafa mai fil tara a baya, wadda sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka suka daina zuwa da ita. Manhajar ma tana nan: Kermit ta Jami'ar Kolumbiya tun 1981, ko HyperTerminal da ke cikin Windows har zuwa XP.

Ba na cewa abin ba shi da wahala. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, tsohon allo yana shan wuta, kuma wayar RS-232 ba ta son ta wuce kimanin mita 15. Amma ana iya sa ɗan mahaɗi a mai da ita RS-485, wadda ke kai wa mita 1,200 idan aka rage gudu, kuma ma'aunin ruwa ba ya buƙatar gudu. Ɗalibin injiniya daga Jami'ar Bayero ko ta Wudil da ke neman aikin kammala karatu zai iya gwada wannan a ƙofar kanal guda, tare da ƙungiyar masu amfani da ruwa ta wurin, a buga adadin kowane mako a manna a inda na kan gaba da na wutsiya duk za su karanta.