Kotson Narambaɗa a Kasuwar Duniya: Wa Ke Cin Ribar?

Duk wanda ya buɗe YouTube ya rubuta sunan Ibrahim Narambaɗa zai tarar da waƙoƙinsa birjik, kowace tasha da nata kwafin, wasu har da tallace-tallace a tsakiya. Talla kuwa kuɗi ce. Abin tambaya shi ne ko akwai ƙwandalar da ke barin aljihun masu waɗannan tashoshi ta nufi Tubali, a yankin Shinkafi, inda aka haifi makaɗin, ko ta nufi gidajen 'yan amshinsa waɗanda muryoyinsu ke cikin kowane faifai.

Kafin zuwan na'urar ɗaukar murya, lissafin a fili yake. Narambaɗa makaɗin fada ne, ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. Ya yi waƙa, a ba shi doki, ko riga, ko hatsi, a kuma tsare masa mutunci. Kassu Zurmi, wanda ya yi wa mazaje da 'yan tauri kiɗa, a nan fage yake karɓar rabonsa. Waƙa ba ta zuwa ko'ina sai da ƙafar mai ita, saboda haka ba a jin daɗinta a bayan idonsa. Ba na cewa tsarin ya tsira daga aibi, domin makaɗi bara ne, kuma bara ba ya faɗa wa ubangida duk abin da ke ransa. Amma dai an san mai bayarwa, an san mai karɓa.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, a sarrafa su a Turai, a dawo mana da su da tsada. Abin da ya sami gyaɗa shi ya sami waƙa daga baya. Gidajen rediyo suka ɗauka, kamfanonin faifai suka buga, kaset ya zo aka yi ta kwafa ba izini, sannan aka shiga zamanin masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa. Kowane mataki ya ƙara wa makaɗin suna, ya kuma ƙara nesanta shi da kuɗin. Yau mai shirya kiɗa a Legas ko Landan yana iya yanko daƙiƙa goma na kotso, ya ɗora a kan nasa kiɗan, ya yi rajista da sunansa. Daga nan na'urorin da ke gadin haƙƙin mallaka a intanet shi za su sani a matsayin mai abu.

Wannan ba hasashe ba ne, ya faru da wasu. A 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya rera waƙar Mbube a Johannesburg, kamfanin Gallo ya sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Waƙar ta haye Amurka, aka sauya mata suna da baituka, ta yi tashe a 1961, ta kuma shiga fim ɗin Disney na 1994. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 aka yi sulhu da 'ya'yansa, bayan shari'a. Manu Dibango na Kamaru shi ma sai da ya kai ƙara kafin Michael Jackson ya biya shi kan amshin da ya ɗauka daga waƙarsa ta 1972. A lokacin Dibango yana zaune a Faransa, yana da lauyoyi da takardu. Jikan makaɗin da rashin tsaro ya raba da ƙauyensa a Zurmi fa, da me zai shiga kotu?

Sai dai kada mu cika baki, mu ma ba kanwar lasa ba ne. Finafinanmu na Kano sun daɗe suna kwasar karin waƙoƙin Indiya, har masu bege da mandiri sun ɗora yabon Annabi (SAW) a kan irin wannan kari, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan lamarin. Makaɗan fada su kansu sun gaji kirari da salo daga iyayensu da iyayen gidansu. Aro ba laifi ba ne, da shi kowace al'ada ke rayuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne a ari abu a ɓoye sunan mai shi, sannan a kafa masa shinge a ce sai an biya. Kuma mu faɗi gaskiya: mafi yawan masu cin gumin Narambaɗa a yau ba Turawa ba ne, 'ya'yan Hausawa ne masu waya da data.

Doka tana nan. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta kuma ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya kula da kayan gargajiya na al'umma. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Ke nan haƙƙin magadansa a kan Bakandamiya da sauran waƙoƙinsa bai faɗi ba tukuna, amma zai faɗi a farkon shekarun 2030.

Aikin da ke gaba ba ya buƙatar biliyoyi. Masarautun Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda sun san gidajen makaɗansu. Sashen Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da ɗaliban da ke rubuta kundi a kan waɗannan waƙoƙi kowace shekara, muna ba su digiri a kansu, mu ma muna samun ƙarin girma. Su za su iya tattara sunan kowace waƙa, da wanda aka yi wa ita, da 'yan amshin da suka karɓa, da magadan da ke raye. Da wannan kundi lauya ɗaya zai iya rubuta wa YouTube takarda a madadin iyalan, kafin shekarun da suka rage su ƙare.