Gidan tarihi na Salbado: wa ya yi aikin?

Bayan babban teku, can yamma, akwai wata ƙasa da ake kira Barazil. Turawan Fotugal sun mulke ta fiye da shekara 300, har 1822. Babban birninsu na farko shi ne Salbado, cikin jihar Bahiya. Shi ne ya zama babban birnin ƙasar daga 1549 zuwa 1763.

Cikin wannan birni akwai wani tsohon gida bisa tudu, yana kallon teku. Sunansa Santa Tereza. An gina shi fiye da shekara 300 da suka wuce. Wasu malaman Kirista ne suka zauna cikinsa. Ba su aure, ba su kasuwanci, aikinsu ibada da karatu. Bayan sun tashi, gidan ya zama lakkol ta horon limaman Kirista. A shekara ta 1959 aka gyara shi, aka mai da shi gidan ajiyar kayan tarihi na addini. Cikin wannan shekara ce kuma aka buɗe gidan tarihi na Ƴamai.

Mi ke cikin gidan?

Mai ziyara zai fara shiga majami'a, wato ɗakin ibadarsu. Daga nan sai tsakar gida, sai ɗakuna jere. Ɗakunan da malaman suka zauna a da, yanzu kaya ne cikinsu. Akwai siffofin Annabi Isa da na uwarsa Maryama, wasu na itace, wasu na yumɓu, wasu na hauren giwa. Akwai kofuna da fitilu na azurfa, da tufafi masu ado. Akwai wani babban teburin ibada na azurfa. An kawo shi ne daga tsohuwar majami'ar birnin, wadda aka rushe a 1933.

Mutanen wancan zamani, yawancinsu ba su iya karatu ba. Shi ya sa aka riƙa yin waɗannan siffofi. Mutum ya duba, a ba shi labari, ya riƙe.

Ina aka samu dukiyar?

Azurfa da zinariya ba su faɗowa daga sama. Arzikin Bahiya daga rake ya fito, da taba. Masu gonaki suna sayar da sukari can Turai, su ba majami'u kyauta mai yawa. Amma ba su ne ke noman ba. Bayi ne da aka kamo daga Afirka. Jiragen ruwa suna kai taba Wida da Ikko, su komo cike da mutane.

Cikin bayin nan har da Hausawa. A 1807 hukuma ta gano Hausawan Salbado suna shirin tawaye. A 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka tashi, yawancinsu Yarbawa, tare da wasu Hausawa. Aka murƙushe su. An samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikinsu. Ba a hana bauta a Barazil ba sai 1888.

Wa ya yi aikin hannu?

An san sunan wasu gwanaye. Akwai wani malamin Kirista mutumin Fotugal, sunansa Agostinho da Piedade, wanda ya rasu a 1661. Gwanin yumɓu ne, kuma ya rubuta sunansa bisa wasu ayyukansa. Don haka ba a manta da shi ba. Amma magina da masassaƙa da maƙera da yawa na Bahiya baƙaƙen fata ne, wasu bayi, wasu ƴantattu. Su ba a cika rubuta sunansu ba. Tuwo ya yi daɗi, an yaba mai gida, an manta da mai daka.

Saboda haka mai ziyarar irin wannan gida ya kamata ya duba sau biyu. Da farko ya duba kyawun aikin, don aiki ne na gwanaye. Sa'an nan ya tambayi mai gadin kayan: wa ya biya kuɗin wannan, kuma hannun wa ya yi shi?