BABI NA UKU: GUSAWA TA TSAYE A ZANEN SAYIN DA KOSAYIN

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayani a kan kalmomin da suka shafi kusurwa da alwatika. Wannan babi kuwa zai dubi wani darasi guda da ɗaliban babbar sakandare a birnin Katsina ke cin karo da shi, wato zanen giraf na sayin da kosayin, musamman yadda ake ɗaga zanen sama ko a sauke shi ƙasa. Darasin yana cikin manhajar da ake jarraba ɗalibai a kanta, tun daga jarrabawar kammala babbar sakandare da hukumar WAEC ta fara a 1988, har zuwa ta NECO da aka fara a 2000. Har zuwa 2025, ɗalibin da bai sami kiredit a lissafi ba da wuya ya sami gurbi a jami'a. Da Ingilishi ake koyar da darasin, da shi kuma ake jarrabawa, domin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 farkon firamare kawai ta ware wa harshen uwa. Amma duk wanda ya zauna a aji a Katsina ya san cewa idan abu ya cije, Hausa malami ke komawa. Matsalar ita ce babu tsayayyun kalmomin da zai yi wannan fashin baƙi da su. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 harshe da adabi da dabarun koyarwa ya shafa, bai taɓo irin wannan lissafi ba.

3.1 Asalin Kalmar Sayin

Kalmar sayin ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe kamar yadda ake zato. Masana taurari na Indiya, irin su Aryabhata wanda ya yi littafinsa a shekarar 499, sun kira wannan ma'auni da sunan tsirkiyar baka, wato jiba. Da Larabawa suka ari kalmar suka rubuta ta ba wasali, sai aka riƙa karanta ta jaib. Masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka ɗauki ma'anar jaib, wato lanƙwasa ko buɗin wuyan riga, suka ce sinus, daga nan Ingilishi ya samu. Daga wannan kalma ta al-jaib Hausa ta sami aljihu. Ke nan sayin da aljihu sun yi tarayya a tushe. Duk da haka ba a zaɓi aljihu a wannan nazari ba, saboda ma'anarsa ta yau da kullum ta yi ƙarfi, zai rikita ɗalibi ne kawai. An bar sayin da kosayin kamar yadda bakin ɗalibai ya riga ya saba. Ba kuma yau lissafi ya shigo Katsina ba: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimi, ko da yake fagensa jera adadi ne ba auna kusurwa ba.

3.2 Zanen Asali

Kafin a yi maganar gusawa dole a san abin da ake gusarwa. A takardar giraf ana jan layi biyu, na kwance wanda ke ɗauke da kusurwa x daga digiri 0 zuwa 360, da na tsaye wanda ke ɗauke da y. Zanen y = sin x yana tashi daga sifili, ya hau zuwa 1 a digiri 90, ya dawo sifili a 180, ya gangara zuwa −1 a 270, sannan ya koma sifili a 360. Wurin da ya fi tsawo an kira shi tozo, wurin da ya fi zurfi kuma kwari. Layin da ya raba tsakaninsu shi ne layin tsakiya, wanda a nan ya hau kan layin kwance daidai. Kosayin siffarsu ɗaya, sai dai shi daga tozo yake farawa, kwarinsa kuma yana digiri 180.

3.3 Gusawa ta Tsaye

Idan aka ƙara wani adadi tsayayye a kan sayin, wato y = sin x + d, kowane ɗigo na zanen zai tashi da gwargwadon d. Alal misali y = sin x + 2. A digiri 0 za a sami 2, a 30 a sami 2.5, a 90 a sami 3, a 180 a dawo 2, a 270 a sami 1. Tozo ya koma 3, kwari ya koma 1, layin tsakiya ya bar sifili ya koma 2. Amma tazarar tozo da kwari tana nan 2 kamar da, kuma tozon bai bar digiri 90 ba. Idan ɗebewa aka yi, kamar y = cos x − 1, zanen ƙasa zai yi: ya fara daga sifili, ya kai −2 a digiri 180, ya koma sifili a 360.

Tayar keke ta isa misali. A ɗauki taya mai faɗin santimita 70, a yi mata alama da alli a gefe, a gara ta a ƙasa. Cibiyar tayar tana santimita 35 daga ƙasa koyaushe. Idan daga cibiya ake auna tsawon alamar, tana yawo ne tsakanin 35 da −35, wato y = 35 sin x. Idan kuwa daga ƙasa ake aunawa, tsakanin 70 da sifili take, wato y = 35 sin x + 35. Tayar ba ta sake ba, juyinta bai sake ba, wurin da mai awo ya kafa sifilinsa ne ya sake. Wannan shi ne gundarin darasin, kuma ɗalibin da ya kama shi ba ya buƙatar hadda.

Daga nan ake fitar da ƙa'ida biyu. A zanen y = a sin x + d, idan aka tara tozo da kwari aka raba biyu an sami d, idan aka ɗebe kwari daga tozo aka raba biyu an sami a. A y = 2 sin x + 1, irin wanda ake ba ɗalibi ya cike jadawalinsa a jarrabawa, tozo 3 ne, kwari −1, kuma zanen yana ratsa layin kwance a digiri 210 da 330, inda sayin ya zama −0.5. Shi kuwa y = sin x + 2 ba ya taɓa layin kwance sam, domin ɗagawar ta fi zurfin kwarin. Saboda haka sin x + 2 = 0 ba shi da amsa, zanen ma kaɗai ya nuna hakan.

3.4 Tsawon Yini a Katsina

Birnin Katsina yana kimanin digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yinin da ya fi tsawo yana zuwa wajen 21 ga Yuni, kimanin sa'a 12 da minti 50, wato minti 770. Wanda ya fi gajarta yana wajen 21 ga Disamba, kimanin sa'a 11 da minti 20, wato minti 680. Bisa ƙa'idar da ta gabata d zai zama 725, a kuma 45. Idan aka fara ƙirga daga 21 ga Maris, aka ɗauki kowace rana kusan digiri ɗaya, tsawon yini a Katsina zai yi kusa da y = 45 sin x + 725. Layin tsakiya ya ɗan haura sa'a 12 ne saboda iska tana karkata hasken rana, ana kuma ƙirgawa daga ɓullowar gefenta na sama.

Wannan ba sabon labari ba ne ga mai azumi. Azumin 2016 ya faɗo cikin watan Yuni, na ƙarshen 1999 kuwa cikin Disamba, bambancin yininsu ya kai sa'a ɗaya da rabi. Har ila yau azumi daga alfijir yake farawa, wato sa'a ɗaya da 'yan mintuna kafin fitowar rana. Ke nan zanen tsawon azumi shi ne zanen tsawon yini da aka ɗaga sama, duk da cewa tazarar alfijir takan ɗan motsa tsakanin damina da hunturu. A Landan yini yakan kai kimanin minti 1000, ya sauko zuwa 470. Layin tsakiyarsu 735 ne, kusan ɗaya da na Katsina, amma a ɗinsu 265 ne. Abin da ya raba garuruwan biyu girman tozo ne, ba gusawa ba.

3.5 Inda Harshe ke Kawo Ruɗani

Kuskuren da ya fi yawa a wannan darasi daga furuci yake tasowa. Idan malami ya ce "sayin x a tara da ɗaya", ɗalibi bai san ko a kan kusurwa za a tara ɗayan ko a kan amsar sayin ba. Bambancin ba ƙarami ba ne: sayin digiri 30 idan aka ƙara masa ɗaya 1.5 ne, sayin digiri 31 kuwa 0.515. Na farko gusawa ce ta tsaye, na biyu ta kwance. Hausa tana da maganin wannan a cikin kalmar sannan: "a nemo sayin x, sannan a ƙara ɗaya", ko kuwa "a ƙara wa x ɗaya, sannan a nemo sayinsa".

Haka kuma kalmar ƙaruwa, wadda ta fi saurin zuwa baki, tana haɗe abu biyu. Zanen y = 2 sin x da na y = sin x + 1 duk tozonsu ya kai 2, sai ɗalibi ya ce duka sun ƙaru. Amma kwarin na farko −2 ne, na biyu sifili. An ga ya fi dacewa a ce na farko an miƙe shi, na biyu an ɗaga shi, idan d na ɗebewa ne a ce an sauke shi. Sauran kurakurai na hannu ne, kamar haɗa ɗigo da rula maimakon jan lanƙwasa, ko kafa layin kwance a gindin takarda har kwari ya rasa wurin zama. Wanda ya fara lissafa tozo da kwari, ya ja layin tsakiya da fensir kafin ya sa ɗigo ko ɗaya, ya riga ya san inda zai kafa layin kwancensa.