Kuɗin Jiha da na Ƙaramar Hukuma: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Tun da rayuwa ta yi tsada, wasu maganganu ke ta yawo a majalisu da teburin mai shayi da saƙonnin murya na WhatsApp. Wasu na cewa yanzu kuɗin ƙaramar hukuma kai tsaye yake faɗawa hannun ciyaman. Wasu na cewa kowane gwamna ya karɓi kyautar naira biliyan biyar ya yi sama da faɗi da ita. Su kuma 'yan kanzagin gwamnati cewa suke asusun jiha a bushe yake, shi ya sa alkawuran kamfe suka kwanta. Kowace magana akwai ɓurɓushin gaskiya a cikinta, kuma wannan ɓurɓushin ne ke sa a haɗiye ta ba tare da an tauna ba.

Gaskiya ne a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta shi. Kotu ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamna rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomin riƙo. Har nan babu gardama. Inda mutane ke zamewa shi ne ɗauka cewa daga ranar komai ya canza. Asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yana nan daram a sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999, majalisa ba ta goge shi ba. Fiye da shekara guda bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana nan tana kukan ba a aiwatar da shi ba.

Gwamnoni kuwa ba su zauna ba. Da suka ga kantoman riƙo ba zai ƙara karɓo kuɗi ba, sai suka ruga zaɓe. A watan Oktoban 2024 kaɗai, APC ta lashe duka kujerun ciyamomi 27 na Jigawa da 23 na Kaduna, NNPP ta kwashe 44 na Kano. Wannan ba halin jam'iyya ɗaya ba ne: wanda ke gidan gwamnati shi ke naɗa hukumar zaɓen jiha, shi ke tsayar da ɗan takara. A Anambra ma doka aka yi a watan, wadda ta ce ƙananan hukumomi su riƙa mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke kula da shi. To mutumin da aka ɗauko aka ɗora a kan kujera, ko kuɗin ya shigo asusunsa, da wane baki zai ce wa mai gidansa a'a? Wanda ke shakka ya leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma a tsakiyar wata: ofisoshi a kulle, masinja da maigadi a gindin bishiya, ka tambayi ciyaman a ce yana babban birnin jiha. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin rijiyar burtsatse da asibitin sha-ka-tafi da kwalbatin da ruwa ya cinye, duk a wannan ofishin ya kamata a kai kukansu.

Batun biliyan biyar ya fi sauƙin warwarewa. An sanar da shi a watan Agustan 2023, bayan taron Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, kuma Gwamna Babagana Zulum na Borno ne ya yi wa 'yan jarida bayani. Amma ba duka ne kyauta ba. Kashi 52 cikin ɗari tallafi ne, kashi 48 bashi ne da za a biya. Daga baya Ministan Kuɗi, Wale Edun, ya ce biliyan biyu aka fara sakar wa kowace jiha. Saboda haka mai cewa "an ba su biyar kyauta" ya ƙara gishiri. Sai dai tambayar da ke ransa halas ce: su wa suka amfana, kuma ina sunayensu? Matar da ta wuni a layin rabon tallafi cikin rana ta koma gida da mudun shinkafa tana da haƙƙin jin amsa.

Maganar da ta fi haɗari ita ce ta bushewar asusu, domin masu mulki ne ke cin ribarta. A lissafin naira, ƙarya ce. Kafin Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, abin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi a wata bai kai naira tiriliyan ɗaya ba. A 2024 ya riƙa haura tiriliyan ɗaya, a 2025 har ya taɓa tiriliyan biyu. A tsarin rabon kuwa jihohi na da kashi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kuɗin da talaka ya ƙara biya a gidan mai, daga ƙasa da naira 200 a lita zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024, wani ɓangarensa ta nan ya biyo.

Gwamnoni ma suna da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare su. Dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa wajen 1,500, don haka siminti da rodi da magani duk sun ninka. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Jihar da ta ci bashin dala kuwa ta fi kowa jin jiki: a watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya fito fili ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 a Kaduna. Duk wannan gaskiya ne. Amma bai wanke gwamnan da ya yi alkawarin ilimi kyauta, sannan ya kasa saka nasa rabin kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, ke jira kafin ta saki nata don gyaran makarantun firamare, alhali jerin gwanon motocinsa bai ragu ba. Yaron da ke zaune a ƙasa cikin ajin da iska ta yaye wa rufi, ba tashin dala ne kaɗai ya zaunar da shi ba.

Yawancin alƙaluman nan ba a ɓoye suke ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa abin da aka ware wa kowace jiha da ƙananan hukumominta wata-wata, kuma jihohi da dama na saka rahoton aiwatar da kasafi duk bayan wata uku a shafukansu na intanet. Kasafin da gwamna ya karanta a majalisa niyya ce kawai. A cikin wancan rahoton ake ganin nawa aka saki wa ma'aikatar ilimi da ta lafiya, nawa kuma aka saki wa gidan gwamnati.