Ruwan da ke cin sabuni: mafarinsa da maganinsa

A garuruwa da yawa na ƙasarmu mata suna kuka da ruwan rijiya ko na pompi. Sabuni ba ya kumfa, farin tufafi ya dushe, wake ya ƙi nuna, gindin buta kuma ya yi farin ɓawo. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to wannan ma da dalilinsa.

Daga ina yake fitowa?

Ruwan sama yana saukowa ba shi ɗauke da komi sai kaɗan. Idan ya nutse ƙasa ya ratsa dutsen farar ƙasa, wanda ake kira kalkar da faransanci, sai ya narkar da wani abu daga jikinsa, wato sinadaran kalsiyom da manyeziyom. Irin wannan dutse yana da yawa a ƙasar Adar, cikin jihar Tawa; shi ne ma ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Shi ya sa rijiyoyi da dama a can ruwansu ke da alli, alhali ruwan kogi da mutanen Yamai ke sha ba shi da shi sosai.

Ma'aikatan ruwa suna auna allin da wani awo da suke kira digiri: digiri 1 shi ne miligiram 10 cikin litar guda. Ƙasa da digiri 15 ruwa mai laushi ne. Idan ya wuce 30, ya yi alli ƙwarai.

Hasarar tana cikin aljihu. Allin yana kama sabuni ya mai da shi dauɗa mai yauƙi, sai ya ƙoshi kana kumfa ta tashi. Ɓawon da ke gindin tukunya yana tare zafin wuta, sai a ƙara icce ko gawayi. Yana kuma toshe bututu da bakin pompi.

Maganin yana cikin madafa

Na farko, kanwa. Ranar wanki a jiƙa ɗan gutsuren kanwa cikin bokiti, a motsa, a bar ruwan ya kwanta, sa'an nan a tsiyaye na sama. Kanwa tana kama allin ta kai shi ƙasa, sabuni ya samu yin aikinsa. Wannan ruwa na wanki ne, ba na sha ba. Garin wanki irin Omo shi ma ya fi sabunin dunƙule jure wa ruwa mai alli.

Na biyu, abin tsami. Buta ko tukunyar da ta yi ɓawo, a zuba mata ruwa da lemun tsami, ko tsamiya, ko binegar, a tafasa, a bari ta huce, a ɗauraye. Kada a kankare da wuƙa, don kada a huda ta.

Na uku, tafasawa. Wani ɓangaren allin yana fita idan ruwa ya tafasa, ya kwanta a ƙasa. Sai a tace da tsabtataccen ƙyalle. Amma akwai wanda wuta ba ta fitarwa.

Na huɗu, ruwan sama. Mai rufin kwano ya tara shi da damina, ya zubar da na farko da ya wanke ƙura, ya rufe sauran saboda sauro. Babu kamarsa wajen wanki da wankin kai.

Wake kuwa a jiƙa shi tun da dare, sai ya buƙaci kanwa kaɗan. Yawanta yana kashe wasu bitamin na abinci, kuma ba ta da kyau ga mai hawan jini. Batirin mota da na sola, kada a zuba musu ruwan rijiya ko kaɗan; nasu ruwan daban ake sayarwa.

Ko yana cutar da jiki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa allin ruwa cikin abubuwan da ke da haɗari ga mai sha ba. Jiki ma yana buƙatar kalsiyom domin ƙashi da haƙori. Mai gudun wannan ruwa saboda tsoron tsakuwar ƙoda ya sani cewa ƙarancin shan ruwa lokacin bazara ya fi kawo ta. Wanda ya bar pompi ya koma tabki don neman daɗin ruwa, ya kai iyalinsa ga zawo da tsargiya.

Abin tsoro shi ne wanda ido ba ya gani. A Tibiri, kusa da Maraɗi, tsakanin 1985 da 2000, ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuluwor ya ɓata haƙora, ya tanƙware ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1,5 cikin litar guda. Fuluwor ba ya hana kumfa, kuma tafasawa ba ta fitar da shi.

Saboda haka, idan haƙoran yaran gari suka soma yin ja, ko ruwa ya sake ɗanɗano, maigari da kwamitin ruwa su sanar da ma'aikatar ruwa ta jiharsu, a zo a ɗibi ruwan a auna. Ɓawon buta aikin uwargida ne da lemun tsami. Wannan kuwa aikin hukuma ne, kuma ba ya jiran gobe.