Shawarar da ba ta jin saiwa: ciwon dajin pankiriyas

A Takanamat da sauran garuruwan arewacin Adar, da zarar an ga idon mutum ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a aiki yaro kasuwa ya sayo sassaƙe da saiwoyi a jiƙa. Galibi kuwa shawara daga ciwon hanta take, ko zazzaɓin cizon sauro, ko amosanin jini. To amma akwai wadda ke kama babba, musamman wanda ya haura shekara 50, ba zazzaɓi, sau da yawa ma ba wani ciwo, sai dai ido ya yi ta ƙara rawaya mako bayan mako. Irin wannan tana iya zama alamar ciwon daji a wata tsoka ta cikin ciki da likitoci ke kira pankiriyas.

Ita wannan tsoka ba saifa ba ce, ko da yake wasu na haɗa su. Tana kwance bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15. Ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman maiƙo, ita ce kuma ke samar da insulin mai daidaita sukari a jini. Hanyar da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji ta ratsa ta cikin kanta. Idan ƙari ya fito a wurin sai ya matse hanyar, ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini. Shi ya sa ido ke yin rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi har dare ya gagara. Hanya ce ta toshe, kuma babu jiƙon da zai buɗe ta, ko na wane boka ne.

Sauran alamun sun haɗa da rama ba dalili, rashin cin abinci, da ciwo a saman ciki mai sokawa har gadon baya. Haka nan ciwon sukari da ya bayyana kwatsam ga dattijo yana ramewa, abin dubawa ne. Shan taba, ƙiba, da kasancewar wani a dangi ya taɓa yin ciwon, duk suna ƙara haɗarinsa.

Abin da ya sa muke matsa wa maganar shi ne lokaci. Ƙididdigar hukumar lafiya ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum sama da 500,000 suka kamu da shi a duniya, fiye da 460,000 kuma suka rasu. Ko a ƙasashen Turawa, cikin mutum 5 da aka gano da ciwon, kusan 1 ne kawai ake iske shi a matakin da za a iya yi masa tiyata a cire. Ina ga mu da sai an sha jiƙo wata biyu, an jira kuɗi daga ɗan da ke Abijan ko Libiya, kafin a hau mota?

Ga yadda ake gano shi. A likitar CSI za a duba zazzaɓi da ciwon hanta. Idan ba su ba ne, a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin jiha da ke Tawa, inda za a auna jini a kuma yi hoton ciki na eko, wanda ke nuna ko hanyar matsarmama ta kumbura. Eko ba koyaushe yake ganin ƙarin ba, don iskar hanji na tare shi, saboda haka likita kan nemi hoton sikana. Akwai gwajin jini mai suna CA 19-9, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, tsakuwar matsarmama ma tana iya ɗaga shi. Tabbaci yana samuwa ne idan an ɗebi ɗan yanki na tsokar an duba a ɗakin bincike.

Idan an iske shi da wuri, ana yin babbar tiyata wadda ta ɗauki sunan likita Allen Whipple na Amurka, da ya bayyana ta a 1935: a cire kan tsokar da matsarmama da wani sashe na hanji, a sake haɗa hanyoyin, daga baya a bi da maganin daji na ƙarin ruwa. Wannan aiki ne na manyan asibitoci irin na Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 daga Tawa. A can ne kuma cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take, wadda aka buɗe sashenta na gashi da haske a 2021. Kafin nan sai an fita waje.

Wanda nasa ya yi nisa ma ba a cewa a koma gida kawai. Ana iya sa ɗan bututu ko a yi ƙaramar tiyata a buɗe wa ruwan matsarmama hanya, rawaya da ƙaiƙayi su lafa, mutum ya samu ya ci abinci. Akwai kuma magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi irin su morfin, da likita kaɗai ke rubutawa, ba na tebur a kasuwa ba. Mai rakiyar majinyaci ya haɗa duk takardun gwaji da hotuna a leda guda ya tafi da su, domin rashinsu kan sa a maimaita gwajin da aka riga aka biya.