Kafin Ki Saƙa wa Jaririn Ƙawarki Kayan Ulu

Akwai abin da na gaji da gani a gidajen suna, daga Kankiya har Kusada. Jariri ɗan kwana bakwai, a tsakiyar bazara, an saka masa rigar ulu da wandon ulu da safa da hula, an kuma naɗe shi cikin shawul mai kauri. Manya na ta fifita da mafici, gumi na tsiyayo musu, shi kuwa yana tsala kuka. Ka ce a rage masa kaya, a ce maka "jariri ba ya jin zafi", ko "kar iska ta shige shi". Sau da yawa kayan nan kyauta ce daga aminiyar mai jego, wadda ta hana idonta barci tana saƙawa, mai jego kuma tana jin nauyin a ce ba ta saka wa yaron ba. Shi ya sa da ke mai kwarashi nake magana, domin daga hannunki abin yake farawa.

Saƙar kwarashi sana'a ce mai albarka, ba ni da ja. Matsalar tana ga zaren. Yawancin ulun da ake sarowa daga kasuwannin Kano a kawo mana kantuna ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, dangin roba, da ake haɗawa daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da shi kasuwa a 1950 da sunan Orlon. Yana da araha, asu ba ya cin sa, launinsa na daɗewa. Amma yana riƙe zafi, kuma ba ya shan gumi. Danshin da yake iya tsotsa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ba, alhali auduga tana ɗaukar wajen kashi 8. Saka wa jariri shi a watan Afrilu bai da maraba da ƙunshe shi a cikin leda.

To, ina aka samo cewa jariri ba ya jin zafi? Akwai ƙanshin gaskiya a tushen maganar. Sabon haihuwa yana saurin rasa ɗumin jikinsa, musamman ta kai, saboda kansa babba ne idan aka gwada da sauran jikin. A kwanakin farko yana bukatar hula, bakwaini kuwa ya fi kowa bukatar ɗumi. Iyayenmu sun fahimci wannan tun kafin a gina asibiti. Sai dai ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar yana da iyaka biyu: ɗumin jikin jariri ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Mun haddace ta ƙasa, mun manta da ta sama. Shawarar hukumar ita ce a ƙara wa jariri riga ɗaya ko biyu bisa abin da babba yake sanye da shi. Ki tambayi kanki, me babba yake sakawa a Kusada da azahar a watan Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, rufin kwano na huci, ga ba wuta? Shimi da zani. Jaririn kuma an ɗora masa kaya hawa biyar.

Kuma jikinsa bai iya fitar da zafi kamar namu ba. Ba ya iya yaye mayafi, ba ya iya matsawa inuwa, ba shi da bakin cewa ya isa. Abin da ke biyo baya kowace uwa ta san shi: ƙurajen zafi a wuya da hammata da matsematsi, kuka ba dalili, ƙin kama nono, ko wani barci mai nauyi da ake ɗauka natsuwa ce alhali galabaita ce. Daga nan sai wata ta ce ƙishirwa yake ji, a ɗura masa ruwa, shi da bai kamata ya sha komai ba sai nono har wata 6. Wata uwar ta taɓa jikinsa ta ji rau, ta saɓe shi zuwa asibiti a kan zazzaɓi ne. Shi ya sa ma'aikatan lafiya kan fara da cire kayan, su ɗan jira, sannan su sake aunawa. Likitocin yara kuma sun daɗe da lissafa yawan naɗewa da rufe kan jariri yana barci cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar fuju'a.

Sai batun "iska ta shige shi". Nimoniya ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, kuma hayaƙin itace da na garwashi a rufaffen ɗaki yana share mata hanya. Abin da ke kare yaro shi ne allurar rigakafi a kan lokaci, da nono, da ɗaki mai shan iska. An toshe taga, an hura garwashi, an naɗe shi da shawul, sannan ana tsoron iskar Allah? Tunda an zo maganar garwashi, ɗakin mai jego ba ya rabuwa da kaskon turaren wuta. Auduga ma tana kamawa da wuta, amma akirilik narkewa yake yi ya manne wa fata. Wannan kaɗai ya isa a yi hattara.

A batun zaren nan, masu kanti ma da nasu laifin, don da yawa ba su san abin da suke sayarwa ba.

Yanzu me za ki yi? Fara da ƙirga wata kafin ki ƙirga kuɗi. Idan ƙawarki za ta sauka a Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ke sa manya rawar ɗari da asuba, saƙa hula da safa da rigar sanyi, ulun kanti ma ya yi, muddin za a saka rigar auduga a ƙarƙashinsa. Idan haihuwar ta faɗo tsakanin Maris da Yuni, nemi zaren auduga siriri, ki yi saƙa marar nauyi. In kuwa ulun kawai kike da shi, ƙara girman kayan, ki gaya mata da bakinki: "Ƙawata, wannan na sanyi ne, ki ajiye sai Nuwamba." Wannan kalma ɗaya za ta cire mata kunyar da ke sa ta azabtar da ɗanta don ki ji daɗi.

Ba a gane zare da ido. Gutsuro ɗan kaɗan, ki riƙe da almakashi a waje, ki kusantar da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abu mai murtsukewa. Akirilik yana narkewa da baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya yi tauri. Sannan goga dunƙulen a wuyanki, ba a tafin hannu ba, domin tafin da ya saba da taɓarya da wanki ba ya jin ƙaiƙayi.

Abin takaici, jihar auduga muke. Funtuwa da Malumfashi da ita aka san su, kakanninmu kuma sun yi gurza da shiɓa da kaɗi, da abawa aka saƙa gwado da majanyin da aka goya iyayenmu. Yau jikokinsu sun fi yarda da roba mai ƙyalli.

Game da launi, kada ki wahalar da kanki da cewa ruwan hoda na mace ne, shuɗi na namiji. Al'adar Turawa ce, su ma sai wajajen shekarun 1940 ta zauna musu. Abin dubawa daban ne. Baƙi da sauran launuka masu duhu suna jan zafin rana idan an goya yaro an fita. Fari tas yana da kyau ranar suna, amma ƙurar hunturu ba ta barin sa ya kwana biyu. Ruwan madara, ruwan toka mai haske da kore mai sanyi sun fi jure wanki. Ni dai ba na son rawaya ga ɗan makon farko, domin a lokacin ne ake sa ido kan shawara, a duba farin ido da fata cikin hasken rana, rawayan kaya kuma yana iya rikita ido. Ja da shuɗi mai duhu su ne suka fi zuba, don haka jiƙa guntu a ruwan ɗumi da sabulu, ki matse shi cikin farin ƙyalle ki gani. Kuma ki sayi dukkan dunƙulen da kike bukata rana ɗaya a kanti ɗaya, har da ƙarin guda, saboda rini kan bambanta daga kwali zuwa kwali, sai kin haɗa hannun riga da jikinta sannan bambancin ya fito.

Saura kwalliya. Duwatsu da ƙananan maɓallai da ake liƙawa, yaro na iya cizgewa ya kai baki. Igiyar ɗaure hula a wuya, bar ta. Cikin safa kuwa, juya ta ki bi da yatsa, ki soke duk bakin zaren da ya yi saura, domin sili ɗaya na iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya hana jini gudu, yaro ya kwana yana kuka ba a san dalili ba. Ramukan saƙar ma kada su kai girman da yatsa zai shige ya maƙale.

Idan kin gama, wanke kayan da sabulu marar ƙamshi, ki shanya su a kwance cikin inuwa don kada su saki, kada kuma dutsen guga ya taɓa akirilik. In suna ya faɗo cikin zafi kuma ba ki sami auduga ba, saƙa wa ita mai jegon jakar zuba kayan yaro. Wannan kam ulun kanti ya dace da ita, kowane launi kika ga dama.